Waƙar da Ba a Rera wa Tsamiyar Kulu Ba

Gaya, Mayu 1964

Zuwa ga ɗana, magajin yayana marigayi Shehu, Malam Inuwa, mai neman ilmin kiwon lafiya a birnin Landan.

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganin fuskarka, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Mutanen gida kowa lafiya. Mai ɗakina Lami ta yi fama da haƙori, an cire, ta koma faɗanta kamar da, alhamdu lillahi. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, manoma sun fito da sungumi suna kallon sama kamar masu jiran baƙo mai girma.

Aikin da ka bar mini ya kankama. Na sauka a Unguwar Ɗanladi ta wajen Balan, na tara mata da izinin mazajensu, na raba musu akoko, kowace randa da ƙyallenta. Na ɗebo ruwan tafki a kwalba na ɗaga ta ga rana, suka ga ƙwarin nan ƙanana suna tsalle a ciki. Wata tsohuwa ta ce, "Malam Duba-gari, ashe miya muke sha ba ruwa ba!" Sa'an nan na rera musu waƙar da ka ce in tsara. Ga amshinta:

Ɗaura ƙyalle a bakin randa, 'yar'uwa,
Ki tace kafin ki ba wa ɗanki ruwa,
Kurkunu a cikin moɗa yake shigowa,
Bana a sha shi, baɗi ya zo fitowa.

Kafin in hau kekena 'yan mata sun sa ta a bakin turmi. Rabona da jin daɗi irin na ran nan na daɗe.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a ƙirji. Ka tuna ranar da ka rubuta sunayen unguwanni biyu, ka nannaɗe, ka jefa a hulata, ka ce wadda aka zaro a koya mata, wadda ta rage a bar ta yadda take, domin baɗi a gwada a ga bambanci, ka rubuta shi a mujallar likitoci duniya ta karanta. Hannuna ne ya zaro Unguwar Ɗanladi. Wadda ta rage a gindin hula ita ce Tsamiyar Kulu ta wajen Toranke, inda yayata Kadijatu, gwaggonka da ta goye ka bayan rasuwar mahaifiyarka, take aure a gidan Malam Tukur. Ka sa na rantse ba zan furta baiti ɗaya a can ba, ko a kunnenta, sai ka sake ni da takarda.

Na je gaishe ta makon jiya. Ta kawo mini ruwa a sabuwar moɗa, na dube shi, na ce ina azumi. Ta ce, "Da'u, yau Talata fa." Na ce na nafila ne. Ta ce Allah ya karɓa. Na dawo ina taka keke kamar mai ɗauke da dutsen niƙa.

Ka duba mini, ɗana, ko akwai wata hanya.

Baffanka, Da'u

Landan, Yuni 1964

Zuwa ga Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya.

Bayan gaisuwa da ladabi, takardarka ta iso, na yi murna da jin kuna lafiya. Ni ma lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da ni a ƙasar nan. A gaida Inna Lami, a yi mata sannu da haƙori.

Baffa, na fahimci damuwarka, ni ma Gwaggo uwata ce. Amma ka duba. Ba mu karɓe wa mutanen Tsamiyar Kulu kome ba. Ruwan da kakanninsu suka sha shi za su sha bana, kamar sauran ƙauyukan lardin nan da ba ka taɓa zuwa ba. Akokon da muka samu ma na unguwa ɗaya ne. Mutanen nan na mujalla ba sa yarda da "mun gani ya yi amfani." Sai an ajiye musu unguwa biyu masu kama da juna, ɗaya an koya mata, ɗaya ba a koya ba, sa'an nan su gaskata. Idan suka buga, zan kai mujallar gaban manya a Kaduna in ce ga shaida, a raba ƙyalle a kowane ƙauye, a sa waƙarka a rediyo. Idan ka gaya wa Gwaggo, kai ma ka san kafin la'asar duk matan bakin tafki sun ji, gwajin ya lalace ke nan.

Damina ɗaya ce kawai. Baɗi da kurkunu ya fara fita, ka ƙirga mini masu shi gida gida a unguwannin biyu, ka aiko, ni kuwa in sake ka nan take. Wannan alkawari ne.

Waƙar ta yi daɗi. Na fassara wa babban malamina amshin, ya ce za a sa shi a ƙarshen rubutun da sunanka.

Ɗanka, Inuwa

Gaya, Yuni 1965

Zuwa ga ɗana Inuwa, wanda nisa bai rage masa matsayi a zuciya ba.

Bayan sallama irin ta addini da gaisuwa mai tarin yawa, muna nan lafiya gwargwado. Ruwa ya sauka da wuri bana, shuka ta fito kore shar, ana tsakiyar noman fari. Gwaggonka tana ɗan jin jiki, amma da sauƙi. Tana gaishe ka.

Na cika maka umarni. Shekara guda na bi Unguwar Ɗanladi ina duba ƙyallaye, wanda ya yage in sauya, wadda ta yi sakaci in yi mata baiti a gaban maƙwabta har ta ji kunya. Shekara guda kuma na bi ta Tsamiyar Kulu bakina a ɗinke, ina azumin da babu lada a cikinsa. Har an fara ce mini waliyyi a can.

Yanzu abin da aka sha bara ya fara fitowa. Na shiga gida gida da mai unguwa, na rubuta, ga takardar ƙidayar nan na haɗa maka. A Unguwar Ɗanladi mutum tara ne, yawancinsu masu fatauci da suka sha a hanya. Gonakinsu sun cika da mutane, mai unguwarsu ya aiko mini da zabi. A Tsamiyar Kulu kuwa, ka karanta da kanka, alƙalamina ba ya son maimaitawa. Na shiga unguwar da hantsi, lokacin da ya kamata a ce ba kowa sai tsofaffi da awaki, na tarar da majiya ƙarfi a zazzaune a gindin bango, kowa da tsinke yana naɗe zaren kurkunun ƙafarsa a hankali kamar masaƙa. Mai jin zafin ƙurji kuma sai ya ja jiki ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, mata na ɗiba a gefensa. Ni da na san abin da ke zuba cikin ruwan nan, na tsaya ina kallo, rantsuwa ta riƙe mini harshe.

A hanyar dawowa waɗannan suka zo mini:

Kurciyar tsamiya ta kasa tashi,
Tana kallon gero, ciyawa na cin shi,
Wanda ta goya a baya, ku gaishe shi,
Ku ce bakin da ya ɗaure, ya zo ya sake shi.

Ɗana, damina ɗaya ka ce, ga ta biyu ta shigo. Tafki yana cika, kowace moɗa da aka sha yau ciwon baɗi ce. Na yanka ƙyallaye na ajiye a akwati, ba abin da nake jira sai layi ɗaya daga hannunka. Kullum motar wasiƙu ta tsaya ina bakin ofis.

Baffanka mai jira, Da'u

Landan, Yuli 1965

Zuwa ga Baffa.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina rubutu a gaggauce don in sami jirgin gobe. Na ji daɗi da ka ce jikin Gwaggo da sauƙi, a ce mata ta rage wahalar surfe, shekaru sun fara ja.

Baffa, albishirinka! Ƙidayar nan ta yi kyau ƙwarai, ta fi yadda muka yi fata nesa. Da na shimfiɗa ta gaban babban malamina sai da ya cire tabarau ya sake dubawa. Ya ce bai taɓa ganin bambanci mai tsabta irin wannan ba daga aikin da bai ci kome ba sai ƙyalle da waƙa. Yana cikin masu tace abin da mujallar ke bugawa, ya kuma nuna wa abokan aikinsa biyu. Abu ɗaya suka ce: shekara ɗaya tana iya zama dace, wataƙila tafkin wata unguwa ne ya fi ƙazanta bara. Idan aka sake samun haka shekara ta biyu, za su buga shi a gaba gaba, kuma za a ƙara mini lokacin karatu in kammala babban digiri a kansa.

Saboda haka ina roƙonka ka ƙara haƙuri, a bar Tsamiyar Kulu yadda take zuwa ƙarshen wannan daminar. Na riga na amsa musu cewa za ka yarda, don na san ba ka taɓa ba ni kunya ba.

Baitocinka na gan su, na ajiye sai na sami sarari in karanta su a natse kamar yadda suka cancanta.

Ɗanka, Inuwa

Gaya, Agusta 1965

Inuwa,

Muna lafiya. Wannan takarda babu baiti a cikinta, don kada ka ajiye ta sai ka sami sarari.

Laifina ne da na rubuta maka "da sauƙi." Haka aka koya mana mu faɗi ciwon babba ga wanda yake nesa, na zaci kai ma da kunnen gida za ka ji. Na sa sauran a waƙa domin hannuna ya kasa rubuta shi tsirara. To ga shi tsirara.

Kurkunu uku ne suka fito wa gwaggonka a idon sawun dama. Ɗaya ya tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi ruwa, aka ɗora ta a jaki zuwa disfensa, aka tsaga. Ma'aikacin ya ce za ta rayu, amma gaɓar ta sandare, ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Malam Tukur kuwa a gwiwoyinsa biyu ya fito masa, da gindi yake ja zuwa alwala. Gonarsu ba ta ga noman fari ba balle maimai. Na ce a kira gayya, mai unguwa Maiwada ya dube ni ya ce, "Malam, wa zan kira? Nuna mini mutum goma a tsaye." Wannan ita ce ƙidayar da ta yi kyau ƙwarai.

Na karanta takardarka a bakin ofis, na sake karantawa, na ninke. Washegari na ɗaure akwatin ƙyallaye a bayan keke na nufi Tsamiyar Kulu. Na tsaya a bakin tafki, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba, na rera tun daga farko har ƙarshe. Na sa Maiwada ya kafa doka, mai zare a ƙafa kada ya taka ruwa, a ɗebo masa a zuba masa a nesa. Rantsuwar da na yi maka na karya ta da sanina, na ciyar, na kuma yi azumi, wannan karon na gaske.

Amma ban tsira ba. Ina cikin rerawa a tsakar gidan Tukur, gwaggonka na kwance a tabarma tana murmushi, sai wata baƙuwa da ta zo suna daga Unguwar Ɗanladi ta kama amshi tun ban kai ba. Aka ce, "Ke a ina kika sani?" Ta ce, "Mu ai tun bara Malam ya koya mana, yaranmu ma sun gaji da ita." Gwaggonka ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sa'an nan ta juya fuskarta ga bango. Na koma sau da yawa, sai a ce tana barci.

Na makara, Inuwa. Tun saukar ruwa suke sha ina bakin ofis ina jiran mota. Abin da suka sha a jiran nan zai fito baɗi, da sunana da naka a kansa.

Ka gaya wa malaminka unguwa ta biyu ta ji waƙa.

Da'u

Landan, Oktoba 1965

Zuwa ga Baffa, Allah ya huci zuciyarka.

Ina gaisuwa. Ban san yadda zan tambayi lafiyar gida ba bayan abin da na karanta. Na daɗe ban amsa ba domin duk takardar da na fara sai in yage.

Na ɗauko baitocin nan na karanta. Layi huɗu ne, Baffa. Da na ba su lokacin da nake ba shan shayi, da na gane.

Na gaya wa malamina. Bai yi faɗa ba, ya ce abin tausayi ne, ya rufe fayil ɗin. Mujallar ta ce ba za ta buga shi a matsayin bincike ba, sai dai 'yar gajeriyar sanarwa a shafin baya, inda ba mai dubawa. Ƙarin lokacin karatu ya tafi tare da shi, zan dawo bayan sallah.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai daren da nake jin haushinka. Ina cewa da an buga, da ƙila ƙyalle ya shiga ƙauye ɗari, da wasu gwaggonnin da ba mu sani ba sun tsira da ƙafafunsu. Har yanzu ban tabbata wannan lissafi ƙarya ne ba. Amma duk lokacin da na kai ƙarshensa sai in ga bayan da na yi barci a kansa yana tafiya a karkace, lissafin ya watse.

Abu ɗaya nake tambaya. Ta san ni ne na jefa takardu a hula? Idan na zo, in shiga gidan, ko in tsaya a zaure?

Ɗanka, Inuwa

Gaya, Disamba 1965

Zuwa ga ɗana Inuwa, wanda har gobe ɗana ne.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kawo ka lafiya, gida kowa ƙalau. An gama girbi. Rumbunan Unguwar Ɗanladi sun cika, na Tsamiyar Kulu kuwa mutum yana leƙawa ya ga ƙasa. Dangi sun haɗa wa Malam Tukur damman gero, ya miƙe yana dogara sanda. Lissafinka na ƙauye ɗari ban iya rushe shi ba, na kwana da shi na tashi da shi. Abin da na sani kawai, su ɗarin ba su taɓa miƙo mini moɗa na ce ina azumi ba.

Ran Juma'a gwaggonka ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan turmi a kife, ƙafar a miƙe kamar taɓarya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

Ta ce, "Waliyyi, yau ma azumin ne?"

Na ce, "A'a, Yaya."

Ta ce, "Kai da ko jaki ya yi tuntuɓe sai ka yi masa baiti, ka shekara kana shigowa gidan nan bakinka a rufe. Wannan ba dabararka ba ce, ba ka da wayon. Yaron nan ne?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Shirunka ya ci mini ƙafa ɗaya, kada ka ƙara mini wani." Sai na faɗa mata duka, da hular, da mujallar, da ƙauye ɗari. Ta saurara har na gama. Ta ce, "To, an buga?" Na ce ba a buga ba. Ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ƙafar ma a banza ta tafi." Ta yi dariya, ni kuwa na kasa.

Sa'an nan ta ja jiki da kanta zuwa ɗaki, ta hana kowa taimaka mata. Na ji ƙarar murfin randa. Ta fito da moɗar nan da na ƙi bara, cike, ta miƙo mini.

Ta ce, "Sha."

Na dubi ruwan. Ta ce, "Kada ka ɗaga shi ga rana, nan ba bakin aikinka ba ne. Kada kuma ka tambaye ni ko na tace."

Na yi bismilla na shanye, har na kife moɗar. Ta karɓa ta ce, "Madalla. Baɗi ma gani."

Da zan fita na hangi farin ƙyalle a shanye a kan danga, da danshinsa. Ko tacewa aka yi da shi, ko wanki ne kawai, ban sani ba, ban kuwa tambaya ba. Na tarar da matan unguwa a bakin tafki suna rera amshin, sun sauya mini kalma biyu, tasu ta fi tawa daɗi.

Game da tambayarka, na isar mata. Ta ce ɗan da ta goya ba ya tsayawa a zaure. Ta ce ka shigo har tsakar gida, ka zo da 'yar sanarwar taka ta shafin baya ka karanta mata da Hausa, tana so ta ji yadda aka rubuta ta. Ta kuma ce in gaya maka ta ajiye maka moɗar.

Baffanka, Da'u